A tafi da bizar ziyara a gyara takardu a can, ko a jira bizar aiki?

Mai Shirin Tafiya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni barci kusan mako biyu. Sana'ata aikin wutar lantarki ce, shekarata tara ina yin ta, kuma wani dillalin tafiye-tafiye ya kawo mini maganar aiki a wani kamfanin gine-gine a Saudiyya. Da farko ya ce za a fitar mini da bizar aiki, na ba shi kwafin fasfona da hotuna da rabin kuɗin da ya nema. Yanzu kuma magana ta canja. Ya ce bizar aiki tana ɗaukar lokaci kuma gurbin zai wuce ni, saboda haka in tafi da bizar ziyara, in fara aiki da zarar na sauka, kamfanin zai mayar mini da ita takardar zama cikin wata ɗaya ko biyu. Da na nemi ganin yarjejeniyar aiki, sai ya turo mini wata takarda mai shafi ɗaya ta waya, babu hatimi, babu adireshin kamfanin, sai sunana da sunan aikin da adadin albashi. Shin wannan hanya tana yiwuwa a doka, ko kuwa cinikin biri a sama nake shirin yi?

Lauyan Ƙwadago:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kyauta da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka cika sauran kuɗin. Abin da ke rikita yawancin masu tafiya ci-rani shi ne kowace takarda biza suke ce mata, alhali abubuwa uku ne da doka ta raba. Akwai izinin shiga, wanda shi ne biza, aikinta ta kai ka gaban jami'in shige da fice a filin jirgi. Akwai izinin zama, wanda a Saudiyya ake kira ikama, shi ke nuna cewa hukuma ta san da kai a matsayin mazauni har zuwa rana kaza. Sannan akwai izinin aiki, wanda ma'aikatar ƙwadago ke bayarwa, kuma a yawancin ƙasashe yana ɗaure ne da sunan wanda za ka yi wa aiki da sana'ar da za ka yi. Wasu ƙasashen sukan haɗa biyun ƙarshe a kati guda, kamar yadda Tarayyar Turai ta tsara a dokarta ta 2011, amma ko a can sharuɗɗan kowanne daban ne.

Bizar ziyara da ta Umara izinin shiga ne na ɗan lokaci, kuma babu wadda ta halatta aiki a cikinsu. Ikamar ma'aikaci a kan bizar aiki ake gina ta, wadda kamfani ke nema tun kana gida, a buga maka ita bayan ka yi gwajin lafiya a asibitin da hukumomin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suka amince da shi. Idan ka sauka, kamfanin yana da kwana 90 ya fitar maka da ikama. Ga mai sana'a irin taka ma akwai ƙarin mataki, domin tun 2021 Saudiyya ta fara gwajin ƙwarewa ga masu sana'o'in hannu irin su lantarki da famfo. Duk wannan dillalinka ya tsallake shi da magana ɗaya. Ranar da ka ɗauki filaya da tasta ka hau tsani a wurin gini da bizar ziyara a aljihunka, ka zama mai karya doka, kuma idan masu bincike suka zo kai za su tarar a kan tsanin, shi yana gida.

Mazaunin Dubai:
Barista, ina girmama iliminka, amma abin da ke cikin littafi daban, abin da ake yi a ƙasa daban. Ni da bizar ziyara na shigo Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa shekara huɗu da suka wuce, na samu aiki a nan, aka canja mini takardu ban fita ƙasar ba, kuma ga katin shaidar zamana a hannuna. Na san mutane da dama da suka bi wannan hanyar. Idan kowa ya zauna yana jiran kamfani ya aiko masa da biza har gida, wasu za su tsufa suna jira. Kada mu tsoratar da yaron nan har ya rasa rabonsa.

Lauyan Ƙwadago:
Malam, ban ƙaryata ka ba, kuma abin da ka faɗa ya faru da mutane da yawa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana barin a canja matsayin mutum daga baƙo zuwa mazauni a cikin ƙasar idan kamfani ya samo masa izinin aiki, har ma a watan Oktoba na 2022 ta fito da wata biza ta musamman don neman aiki. Sai dai akwai abubuwa biyu. Na farko, Dubai ba Riyad ba ce, kuma kuskuren da ya fi cin mutane a wannan harka shi ne ɗaukar dokar wata ƙasa a ɗora wa maƙwabciyarta don kawai harshensu ɗaya. Na biyu, ko a inda kake, neman aiki da bizar ziyara daban yake da yin aiki da ita. Gyaran da aka yi wa dokar ƙwadagon ƙasar a 2024 ya sa tarar dirhami 100,000 zuwa miliyan ɗaya a kan kamfanin da ya sa mutum aiki ba tare da izini ba. Ina roƙonka ka faɗa wa zauren nan gaskiya, tsakanin ranar da ka sauka da ranar da izininka ya fito, me ka yi, kuma an biya ka?

Mazaunin Dubai:
Tun da ka tambaya don Allah, zan faɗa. Kamfanin farko da ya ɗauke ni ya ce in yi gwaji kafin su nemi izini. Na yi mako bakwai ina ɗaukar kaya a rumbun ajiyarsu, daga nan suka ce ban dace ba, suka ba ni abin da bai kai albashin mako biyu ba. Da na ce zan kai ƙara, manajan ya yi murmushi ya tambaye ni da wace takarda zan nuna na taɓa yi musu aiki. Ban sake cewa komai ba, domin da na je ma'aikatar ƙwadago kaina zan fara tona wa asiri. Kamfani na biyu ne ya yi mini takardu, saura kwana shida wa'adin bizata ya cika. Har yanzu ina ganin hanyar tana ɓullewa ga wasu, amma na yarda ba zan ce wa ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya bi ta ba.

Tsohon Direba:
Yaro, ni shekara goma sha shida na yi a Saudiyya ina tuƙi, na yi wa gida, na yi wa kamfani, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani. Ko da dillalinka ya dawo gobe ya ce ya samo bizar aiki, kada murna ta hana ka tambayar wane ne kafilin, wato mutumin ko kamfanin da ikamarka za ta kasance a ƙarƙashin sunansa. Akwai abin da suke kira firi biza, wai za ka shiga da sunan wani mutum, ya sake ka ka nemi aikinka, kana ba shi wani abu duk wata ko duk shekara. A doka babu wata biza mai wannan suna. Ikamarka za ta nuna kai ma'aikacin wane ne, ga sana'a kaza, kuma idan aka same ka kana yi wa wani aiki, ko kana yin sana'ar da ba ita aka rubuta ba, laifi ne. Na zauna ɗaki ɗaya da wani makaniki wanda ikamarsa ta ce shi makiyayi ne. Shekara uku yana ɓuya a bayan gareji duk lokacin da aka ga motar masu bincike, ranar da suka saɓa da kafilin kan kuɗin sabuntawa kuma sai mutumin ya kai rahoton hurub, wato ya ce ya gudu daga aiki. Daga wannan rana ya zama abin nema, ƙarshe aka ɗauki zanen yatsunsa aka tasa ƙeyarsa, kayan aikinsa duk suna can.

Wani abu kuma da ya taɓa cin ni kaina shi ne kwanan wata. Ranar ƙarewar ikamata da lissafin Hijira aka rubuta ta, ni kuwa da na Bature nake lissafi a kaina. Shekarar Hijira kwana 354 ce, ta gaza ɗayar da kusan kwana goma sha ɗaya, kuma ban farga ba sai da na je banki turo kuɗi gida aka ce asusuna a rufe yake saboda ikama ta mutu. Maigidana mutumin kirki ne, ya biya tarar ya sabunta, amma na yi kwana tara ban iya taɓa kuɗina ba. Tun daga nan nake rubuta ranar da lissafi biyun a bangon ɗakina.

Mai Shirin Tafiya:
Baba, Allah ya ƙara girma, na gode ƙwarai. Na ji ana cewa an soke tsarin kafili a Saudiyya, har dillalin ya ce ko ban ji daɗin kamfanin ba zan iya canjawa a kowane lokaci. Shin haka ne?

Lauyan Ƙwadago:
An sassauta shi ne, kuma sassaucin yana da iyaka. A watan Nuwamba na 2020 aka sanar da garambawul, ya fara aiki ranar 14 ga Maris, 2021. Ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani kamfanin ba da yardar na farko ba bayan ya cika shekara ɗaya, kuma yana iya neman bizar fita da dawowa ko ta fita baki ɗaya da kansa ta manhajar gwamnati mai suna Absher. Yana kuma iya canjawa kafin shekara idan an yi wata uku a jere ba a biya shi albashi ba, ko ba a fitar masa da izinin aiki cikin kwana 90 ba. Amma garambawul ɗin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba. Katar ma ta soke takardar amincewar maigida wajen canja aiki a 2020, ta kuma sa mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci idan kamfani bai tanada ba. Abin lura a nan shi ne duk waɗannan haƙƙoƙi na mai ikama da yarjejeniya ne da hukuma ta san da su. Mai bizar ziyara babu kamfanin da zai bari a idon hukuma, tun da babu inda aka rubuta ya shiga.

Game da waccan takarda mai shafi ɗaya, ka sani cewa a dokar ƙwadagon Saudiyya rubutun Larabci shi ne abin dogaro idan ya saɓa da fassara. Idan ka isa, yarjejeniyar da aka shigar a dandalin Qiwa na ma'aikatar ƙwadago ita kotu za ta duba, don haka kada ka danna amincewa sai ka gwada albashin da sunan sana'ar da tsawon wa'adin da abin da aka nuna maka a gida. Kuɗin sallama ma daga wannan albashin ake lissafa shi, rabin albashin wata ga kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata ga kowace shekara bayan haka. Wanda ya yarda aka rubuta masa ƙaramin albashi a takarda, ana cika masa sauran a hannu, ranar sallama zai gane abin da ya yi wa kansa.

Malama Mai Jinya:
Ina so in ƙara wani abu daga Birtaniya, saboda akwai masu karanta wannan muhawara da ke ganin irin wannan matsala ta ƙasashen Larabawa ce kawai. A nan ma bizar ƙwararren ma'aikaci, wadda aka fara a watan Disamba na 2020, a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyinka. Shi ke ba ka lambar shaidar ɗaukar nauyi, kuma sai ka yi amfani da ita cikin wata uku. Idan aikin ya ƙare ko aka ƙwace lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 ake ba ka ka samo wani mai ɗaukar nauyi ko ka bar ƙasar. Amurka ma kwana 60 take bai wa mai bizar ƙwararrun ma'aikata ta H-1B. Na zauna da mata da suka sayar da abin da suka mallaka suka biya dillali don aikin kula da tsofaffi, suka iso da bizarsu sahihiya, sai suka tarar kamfanin ba shi da aikin da zai ba su ko na awa goma a mako. Gwamnati ta hana masu wannan aikin zuwa da iyali daga Maris na 2024, sannan a Yuli na 2025 ta rufe ɗaukar su daga waje, amma har yanzu ina ganin ana tallar gurbin a Facebook. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa jerin sunayen kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar baƙi a shafinta, kyauta ne, dubawar ba ta kai minti biyar ba.

Ni abin da ya jinkirta tafiyata wata huɗu ba dillali ba ne, harafi ɗaya ne. A fasfona an rubuta sunan mahaifina da harafi biyu a tsakiya, a takardar makarantar jinya da ɗaya, a takardar haihuwa kuma an sa sunan kakana a ƙarshe. A wurina duk ni ce, amma ga ma'aikacin da ke duba takardu a kwamfuta mutum uku ne. Sai da na yi takardar rantsuwa a kotu, na koma makarantar suka rubuto wasiƙa, kafin nan takardar gwajin tarin fuka da na yi ta cika wata shida ta mutu, na sake wani. Ƙanena, tun yau ka shimfiɗa takardunka duka a kan tabarma ka karanta sunanka da ranar haihuwarka a kowace, harafi bayan harafi.

Injiniya a Jamus:
Maganar Malama ta tuna mini da tantance takardun karatu, wanda mutane da yawa ba sa tunawa da shi sai sun isa. Akwai yarjejeniyar birnin Heg ta 1961, wadda ta ce tsakanin ƙasashen da suka shiga cikinta hatimi ɗaya da ake kira afostil ya wadatar. Saudiyya ta shiga a Disamba na 2022, Sin a 2023, Kanada a Janairu na 2024. Idan ƙasar da ta ba ka takardar ba ta ciki, sai ka bi tsohuwar hanya, daga ma'aikatar ilimi zuwa ta harkokin waje zuwa ofishin jakadancin ƙasar da za ka je, kuma yin wannan daga nesa ta hannun wani wahala ce babba.

Ga masu cewa babu hanyar zuwa neman aiki a halal, Jamus ta fito da katin dama ranar 1 ga Yuni, 2024, wanda ke ba mai sana'a har shekara ɗaya yana neman aiki, yana kuma iya yin aikin awa 20 a mako. Bizar ziyara ta yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya har da Jamus, ita kuwa kwana 90 ce cikin kowane 180, babu aiki a cikinta. Abu na ƙarshe shi ne takardu ba sa ƙarewa da sauka. A nan dole ka yi rajistar adireshinka cikin mako biyu da shiga gida, da takardar shaida daga mai gidan, kuma da wannan rajistar lambar harajinka ke zuwa. Sabunta izinin zama kuma a nema shi kafin tsohon ya mutu. Wanda ya shigar da buƙata a kan lokaci ana ba shi takardar wucin gadi, matsayinsa ya ci gaba ko da ofishin ya yi wata da watanni bai amsa ba, haka ma Kanada take yi. Wanda ya makara da kwana ɗaya kuwa labarinsa ya zama na roƙo da bayani.

Tsohon Dillali:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma na ga an mayar da dillalai kamar ɓarayi gaba ɗaya, kuma ni na yi wannan aiki shekara goma sha ɗaya kafin in bari. Kamfanin da ke neman ma'aikata ɗari biyu ba zai bi gari gari yana nemansu ba, dole wani ya tara su, ya gwada su, ya bi musu layin asibiti da na ofishin jakadanci. Wannan aiki ne, kuma mai aiki yana cin ladansa. Su ma matafiyan ba waliyyai ba ne, na sha ganin wanda ya kawo takardar ƙwarewa ta bogi, ko wanda aka kashe wa kuɗi ya isa ya gudu a mako na biyu ya bar ni da kamfani.

Duk da haka ba zan kare wannan na yaron ba. Dillali na gaskiya yana da lasisi daga ma'aikatar ƙwadagon ƙasarsa, yana da takardar buƙatar ma'aikata daga kamfanin da wakilcin da aka ba shi, yana da lambar biza, yana ba da rasit mai sunan ofishinsa, kuma ba ya jin haushi idan ka ce ya nuna maka. Kalmar nan ta gurbi zai wuce ka, mu ma mun san ta, ana faɗar ta ne idan ana so mutum ya daina tambaya.

Lauyan Ƙwadago:
Alhaji, na gode da wannan gaskiya. Inda muka rabu shi ne wa zai biya ladan. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta ce kamfanonin samar da aiki kada su karɓi kuɗi daga ma'aikaci, kai tsaye ko a kaikaice. Ƙasashe da yawa ba su sa mata hannu ba, amma dokar Saudiyya da kanta ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na ikama da na izinin aiki da sabunta su a kan maigida, haka ma dokar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ta fara aiki a Fabrairu na 2022 ta hana a ɗora wa ma'aikaci kuɗin ɗaukarsa. Dalilin a fili yake. Mutumin da ya ciwo bashin albashin shekara guda don ya tafi ba zai iya buɗe baki ba idan aka rage masa albashi, saboda masu bin sa bashi suna ƙofar gidan mahaifiyarsa.

Tsohon Dillali:
Barista, haka doka ta ce, amma na sha ganin kamfanin da ke sayar wa dillali gurbi maimakon ya biya shi. Idan aka yi haka, daga ina kake so dillalin ya mayar da kuɗinsa? Ban ce daidai ba ne, na ce a can sama ɓarnar take farawa, kuma ita ce ta sa na bar harkar.

Hajiya Babba:
Ku gafarce ni in shigo da tawa tambayar, tun da an taɓo masu aikin gida. Ƙanwata tana aiki a wani gida a yankin Gulf, wata goma sha huɗu ke nan. Ranar da ta sauka uwar gidan ta karɓi fasfonta ta ce za ta adana mata, har yau ba ta sake ganinsa ba, ikamar ma hotonta kawai aka nuna mata a waya. Ana biyan ta albashi, ba a dukanta, shi ya sa take jin nauyin tambaya. Shin ta yi shiru har wa'adinta ya cika?

Tsohon Direba:
Hajiya, ni ma nawa shekara shida ya yi a cikin akwatin ƙarfen maigidana, kuma ban ga illarsa ba sai ranar da aka yi mini rasuwa yana ƙasar waje da makullin. Ta tambaya cikin ladabi, ta ce tana so ta duba ranar ƙarewarsa ne. Yadda za a amsa mata zai nuna mata irin gidan da take.

Lauyan Ƙwadago:
Hajiya, riƙe fasfon ma'aikaci ba da yardarsa ba haramun ne a dokokin Saudiyya da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ko da yake al'adar ba ta mutu ba. Fasfo mallakin gwamnatin da ta bayar da shi ne. Shawarar Baba ita ce matakin farko, kuma ina ƙara cewa kada ta bar gidan da kanta don fushi, domin da zarar an kai rahoton guduwa matsayinta ya lalace, ko da ita ce mai gaskiya. Idan a Saudiyya take, yarjejeniyar masu aikin gida ta dandalin Musaned ake yin ta, ku nemi kwafi daga ofishin da ya tura ta. Ta ɗauki hoton shafin fasfon da na bizar da na ikamar ta turo muku, ta haddace lambar ikamar, ta kuma riƙe lambar wayar ofishin jakadancin ƙasarta a ka, ba a cikin waya kaɗai ba. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba duk baƙon da aka tsare damar neman a sanar da ofishin jakadancinsa, amma sai ya nema da bakinsa, kuma aikin jami'an yakan yi sauƙi idan 'yan'uwa suna da kwafin takardu a hannu.

Mai Shirin Tafiya:
Iyayena, na dawo da bayani. Jiya na je wurin dillalin da tambayoyin da Alhaji ya lissafa. Na nemi lambar lasisinsa, ya ce yana wurin abokin harkarsa. Na nemi takardar buƙatar ma'aikata da cikakken sunan kamfanin, ya ce sirrin kasuwanci ne. Da na ce to ni zan jira bizar aiki ko wata nawa za ta ɗauka, in ba haka ba ya dawo mini da kuɗina, sai ya ce na cika taurin kai, akwai mutum goma da ke jiran gurbin. A ƙarshe ya yarda zai mayar da kashi biyu cikin uku, na sa ya rubuta ya sa hannu a gaban shaidu biyu. Na kuma bi maganar Malama na shimfiɗa takarduna, sunan ya yi daidai a duka, sai dai na ga fasfona saura wata bakwai ya ƙare. Shin in sabunta shi yanzu, ko in bari sai na samu wani aikin?

Malama Mai Jinya:
Ka sabunta shi yanzu, ƙanena. Ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, kuma kafin a gama gwajin lafiya da na ƙwarewa da takardar 'yan sanda naka ya faɗo ƙasa da haka. Idan kamfani ya nemi biza da lambar tsohon fasfo sannan ka canja a tsakiya, sai an koma gyara. Idan sabon ya fito ka duba rubutun sunan tun kana gaban tagar, kada ka bari sai ka isa gida, kuma ka adana tsohon, domin akwai fom ɗin da zai tambaye ka lambarsa.